JARRABAWAR SA'A ƊAYA DA KE YANKE WA ƊALIBI HUKUNCIN SHEKARA: LABARIN KOLEJOJIN JAMA'A NA AMURKA

A ƙasar Amurka akwai wani irin makarantu na gaba da sakandare waɗanda a ke kira kolejojin jama'a. Yawansu ya kai wajen 1,000, suna warwatse cikin birane da ƙauyuka, kuma miliyoyin mutane ke karatu a cikinsu kowace shekara. Karatun shekara biyu a ke yi. Wanda ya gama, ko dai ya fita da takardar shaidar sana'a, kamar aikin jinya ko gyaran injuna, ko kuwa ya wuce jami'a ya cika sauran shekara biyu ya sami digiri. Abin da ya bambanta su da jami'o'i shi ne ƙofarsu a buɗe ta ke. Duk wanda ya gama sakandare, ko ya ke da takardar da ta yi daidai da tata, in ya zo za a karɓe shi. Kuɗin makaranta kuma da sauƙi, shi ya sa suka zama matattarar 'ya'yan talakawa, da ma'aikata masu karatun dare, da baƙin da suka zo daga ƙasashen waje.

Amma fa shiga zaure dabam, shiga tsakar gida dabam. Shekara da shekaru, al'adar waɗannan kolejoji ita ce, kafin sabon ɗalibi ya sa ƙafa a aji, sai an zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi wata jarrabawa ta Turanci da lissafi. Ba a korar kowa saboda ita. Aikinta kawai ta faɗi ajin da ya dace da shi, shi ya sa za mu kira ta jarrabawar rabon aji. Ga ido ƙaramin abu ce, galibi ba ta wuce sa'a ɗaya ko biyu ba. Sai dai bincike ya nuna wannan 'yar sa'a ta kan jawo wa ɗalibi jinkirin shekara guda ko fiye, wani ma ta zama sanadin barinsa karatu ɗungum. Yadda abin ya faru, da yadda Amurkawa suka farga suka shiga gyara, shi ne labarin da mu ke so mu kawo wa masu karatu yau.

ASALIN AL'AMARIN

Kolejin gwamnati na farko na irin wannan wanda har yanzu ya ke aiki, an buɗe shi a garin Joliet cikin jihar Ilinoi a 1901, da ɗalibai shida tak. Shugaban Jami'ar Shikago na lokacin, William Rainey Harper, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa don duba ilmi mai zurfi ya ba da shawara a yawaita irin waɗannan makarantu, yadda kowane yanki zai sami tasa kusa da gida. Daga nan sunan kolejin jama'a ya bazu. Cikin shekarun 1960 aka yi ta gina su ba ƙaƙƙautawa, har a kan ce kusan kowane mako sai an buɗe sabo.

To, buɗe ƙofa ga kowa ya zo da tasa wahalar. A rana ɗaya sai ga saurayi ɗan shekara 18 wanda ya gama sakandare jiya jiya, ga tsohon soja, ga uwar 'ya'ya wadda rabonta da littafin lissafi shekara 20, ga baƙo wanda Turanci ba harshensa ba ne. In an tara su aji ɗaya, malami zai rasa da wa zai yi magana. Saboda haka hukumomin kolejoji suka ga tilas a auna kowa tun a bakin ƙofa. Da fari da takarda da fensir a ke yi. A 1985 wata ƙungiya mai suna College Board, wadda ita ke shirya babbar jarrabawar nan ta SAT, ta fito da jarrabawar rabon aji ta kwamfuta, wadda aka sani da Accuplacer. Wata ƙungiyar kuma, ACT, ta fito da tata mai suna Compass. Kafin a jima waɗannan biyu suka mamaye mafi yawan kolejojin ƙasar.

YADDA NA'URAR KE AWO

Ya kamata mai karatu ya san wannan jarrabawa ba takarda ce kawai aka ɗora bisa allon kwamfuta ba. Akwai dabara a cikinta. A jarrabawar takarda, kowa tambayoyi iri ɗaya ya ke amsawa. Gwani ya ɓata lokaci kan masu sauƙi, mai rauni ya yi ta kame-kame kan masu wuya, kuma duka biyun ba su nuna wa mai awo wani abin kirki ba. Ita kuwa na'ura tana da rumbun tambayoyi masu yawa, an riga an gwada kowacce an san nauyinta. Sai ta fara ba ɗalibi tambaya matsakaiciya. In ya ci, ta ba shi wadda ta fi wuya. In ya faɗi, ta sauko masa da mai sauƙi. Haka za ta yi ta hawa da sauka tana matse tazara, har ta tsaya a inda ta ke zaton nan ne iyakar saninsa.

Ga misali mai sauƙi. Ka ce wa abokinka ya riƙe wata lamba a zuci tsakanin 1 da 100. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, sai ka gaji. Amma in ka ce, "Ta fi 50?" ya ce i, ka ce, "Ta fi 75?" ya ce a'a, kana raba saura biyu kowane karo, tambaya bakwai ta ishe ka ka kama ta. Kusan haka na'urar ke yi, shi ya sa tambaya wajen 20 ta kan ishe ta a kowane fanni.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Wani masani Bafaranshe, Alfred Binet, wanda ya fito da gwajin basirar yara a 1905, haka ya ke yi da baki: ya fara da abin da ya dace da shekarun yaro, sa'an nan ya hau ko ya sauka bisa ga amsarsa. Daga baya masana lissafi, irin su Frederic Lord na Amurka, suka tsara ƙa'idodin da suka sa na'ura ta iya yin wannan aiki ita kaɗai.

Ba shakka akwai amfani a ciki. Sakamako na fitowa nan take, ba jiran mako biyu. Kuɗinta kaɗan ne ga koleji. Ana iya yinta kowace rana ta aiki. Galibi ba a ƙayyade lokaci, ɗalibi ya yi a tsanake. Wanda ke zaune kusa da kai tambayoyinsa dabam, don haka leƙe ba ya amfani. Sharaɗi ɗaya ne mai tsanani: in ka amsa ka wuce, ba komawa baya, gama amsarka ce ta zaɓo tambayar da ta biyo.

MAKIN YANKA

Na'ura maki kawai ta ke bayarwa. Hukunci kuwa na mutane ne. Kowane koleji, ko kowace jiha, ta kan sa wata iyaka. Wanda ya haye ta, ya shiga ajin koleji sosai. Wanda ya kasa, ko da maki ɗaya ne, sai a tura shi ajin share fage, watau ajin da a ke maimaita karatun sakandare. Waɗansu kolejoji suna da hawa uku na irin wannan aji a lissafi, waɗansu har huɗu, kowane hawa zango guda. Wanda aka jefa ƙasan ƙasa, sai ya yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin ya ga ajin lissafi na farko na koleji.

Abin lura a nan, ajin share fage ba kyauta ba ne. Ɗalibi zai biya kuɗi kamar kowane aji, zai sayi littafi, zai bar aikinsa ya zo. Amma in ya ci, ba a lissafa masa shi cikin abin da zai kai shi ga takardar shaida. In kuwa yana samun taimakon kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke ba 'ya'yan talakawa, wannan taimako yana da iyaka, zango 12 ne a duk rayuwar mutum, kuma ajin share fage na cin rabonsa daga ciki.

Ba kuma 'yan kaɗan abin ya shafa ba. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta nuna, cikin ɗaliban da suka fara karatu a kolejojin jama'a na gwamnati a shekarar karatu ta 2003 zuwa 2004, kashi 68 cikin 100 sun zauna aƙalla aji ɗaya na share fage. Watau cikin kowane mutum uku, biyu.

ƘOFOFI TAKWAS

Da ma niyyar da aka yi mai kyau ce, wai a gyara tushe kafin a ɗora gini. Tambayar da aka daɗe ba a yi ba ita ce, cikin waɗanda aka tura gyaran tushe, nawa ne suka kai ga ginin?

A Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok akwai wata cibiya da aka kafa a 1996 don binciken harkokin kolejojin jama'a. A 2010 shugabanta na lokacin, Thomas Bailey, da abokan aikinsa biyu, suka buga sakamakon bin sawun dubban ɗalibai har shekara uku. Cikin waɗanda aka tura share fagen lissafi, kashi 33 cikin 100 ne kaɗai suka gama azuzuwan da aka ɗora musu, kuma kashi 20 ne suka kai ga cin ajin lissafi na koleji. A fannin karatun Turanci, kashi 46 suka gama share fage, kashi 37 suka ci ajin koleji. Wani abin mamaki kuma, waɗanda suka ɓace saboda ba su yi rajistar aji ba sam, ko ba su dawo zango na gaba ba, sun fi waɗanda suka zauna suka faɗi yawa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa in an yi lissafi. A ce an ɗora wa ɗalibi hawa uku. Kowane hawa ƙofa biyu ce, ta shiga da ta ci. Shida ke nan. Ajin koleji kansa ƙofa biyu, jimla takwas. A ce, don misali kawai, a kowace ƙofa mutum huɗu cikin biyar suna wucewa, wanda ba mugun sakamako ba ne. Mutum 100 suka tashi. Ƙofar farko ta bar 80, ta biyu 64, ta uku 51, haka haka har ƙofa ta takwas ta bar 17 kacal. Ba malamin da ya yi sakaci, ba ajin da ya lalace, tsawon hanyar ne ya cinye mutane. Ɗalibin kolejin jama'a kuwa galibi mai aiki ne, ko mai iyali. Kowane zango da aka ƙara masa, an ƙara wa rayuwa damar ta fizge shi: a canja masa lokacin aiki, mota ta lalace, yaro ya kwanta ciwo, kuɗin haya ya taso. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma mai ɗan guzuri in hanya ta yi tsawo, guzurin ke fara ƙarewa.

DA AKA AUNA MA'AUNIN

Da aka ga haka, sai hankali ya koma kan ita jarrabawar. Shin waɗanda ta ke turawa share fage, duka suna bukatarsa? A 2012 wata masaniyar tattalin arziki ta wannan cibiya, Judith Scott-Clayton, ta duba takardun dubban ɗalibai na wani babban birni. Waɗansu masana biyu, Clive Belfield da Peter Crosta, suka yi irin wannan aiki a kolejojin wata jiha baki ɗaya. Da suka haɗa bincikensu a 2014, abin da suka tarar shi ne, wajen mutum ɗaya cikin uku a Turanci, da ɗaya cikin huɗu a lissafi, an yi babban kuskure wajen sa su aji. Kuskuren iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗaga sama ya je ya faɗi. Akwai kuma wanda aka danne ƙasa, alhali da an bar shi ya shiga ajin koleji da ya ci da maki mai kyau. Na biyun nan sun fi yawa nesa.

Me ya sa aka yi shekaru ba a lura ba? Domin kuskure na farko yana da ƙara, na biyu kuwa shiru ya ke. Ɗalibin da aka ɗaga ya faɗi, malaminsa zai gani, ya kai ƙara ofis ya ce a tsananta iyaka. Wanda aka danne kuwa, zai zauna ajin share fage ya yi ta cin maki, malami ya yi murna da shi, kowa ya ce tsari na aiki. Ba wanda zai zo ya ce wannan yaro ba nan ne wurinsa ba. Shi kansa bai sani ba, gama na'ura ta ce masa bai isa ba, ya kuwa yarda.

Masu bincike sun kuma zagaya kolejoji sun ga yadda a ke yin jarrabawar. Da yawa daga ɗalibai ba su san da ita ba sai ranar rajista. A ce musu, "Shiga ɗakin can ka yi ɗan gwaji, ba a ci ba a faɗuwa." Mutum ya shiga ba shiri, wataƙila daga aikin dare ya fito, ya yi sauri don ya kama mota. Wanda ya san aljabara sarai shekara biyu da suka wuce, ya ɗan manta, da ya sami mako guda ya yi bita da ya tuna. Na'ura ba ta iya bambanta wanda ya manta da wanda bai taɓa sani ba. Ba ta kuma auna naci, da zuwa aji kullum, da gama aikin gida, da neman taimako in abu ya shige duhu, alhali waɗannan halaye su ke sa ɗalibi ya ci aji.

Ina za a sami ma'aunin waɗannan halaye? Ashe yana nan cikin aljihun ɗalibi, watau takardar sakamakonsa na sakandare. Matsakaicin makin shekara huɗu shaida ce ta malamai da yawa, a fannoni dabam dabam, cikin kwanakin lafiya da na rashinta. Belfield da Crosta sun lissafa cewa in an yi aiki da shi, manyan kurakuran za su ragu da wajen rabi. Hausawa sun ce wanda ya kwana ɗaki ɗaya da mutum shi ya san munsharinsa.

GYARE-GYAREN DA SUKA BIYO

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. A 2012 kolejin birnin Long Beach a Kalifoniya ya fara raba aji bisa sakamakon sakandare ga yaran makarantun garin, kuma yawan waɗanda suka shiga ajin Turanci na koleji kai tsaye ya ninka sau da yawa. A 2013 majalisar jihar Fulorida ta yi doka cewa wanda ya shiga sakandaren gwamnatin jihar daga 2003 zuwa gaba ya gama, da sojan da ke bakin aiki, ba za a tilasta musu jarrabawar ko ajin share fage ba. A 2015 ƙungiyar ACT da kanta ta ba da sanarwa za ta daina Compass, ta kuwa rufe ta a ƙarshen 2016, tana mai cewa jarrabawar ba ta taimaka wa rabon aji kamar dā.

Sai dai janye jarrabawa kaɗai ba ya koya wa mai rauni lissafi. Dabarar da ta cike wannan giɓi ta fito daga wani koleji na gundumar Baltimo a 2007, a hannun wani malamin Turanci mai suna Peter Adams. Maimakon a tsare ɗalibi a share fage, sai a sa shi ajin koleji tare da kowa, sa'an nan a ƙara masa 'yan sa'o'i kowane mako cikin ƙaramin rukuni, inda malami zai bi da su abin da ya shige musu duhu a darasin wannan makon. Ƙofofi takwas sun koma biyu ke nan. Jihar Tanasi ta ɗauki wannan tsari a dukan kolejojinta a 2015. Kafin haka, cikin waɗanda a ke turawa share fagen lissafi, wajen kashi 12 cikin 100 ke cin ajin koleji cikin shekara guda. Bayan sauyin, suka haura rabi. Amma a sani, a lokaci guda an karkatar da ɗalibai da yawa daga aljabara zuwa ilmin ƙididdiga, wanda ya fi dacewa da sana'o'in da su ke nema, kuma wannan ma ya taimaka.

Gyara mafi girma a Kalifoniya aka yi shi, jihar da ke da kolejojin jama'a 116. A watan Oktoba na 2017 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu kan dokar da ta ce tilas a duba sakamakon sakandare, kuma ba za a tura ɗalibi share fage ba sai an nuna da hujja cewa da wuya ƙwarai ya ci ajin koleji. Watau an juya nauyin shaida, dā ɗalibi ke nuna ya isa, yanzu koleji ke nuna bai isa ba. Dokar ta fara aiki sosai a 2019. Wata cibiyar binciken manufofin gwamnati ta jihar ta kwatanta 2015 da 2019. A Turanci, masu shiga ajin koleji kai tsaye sun tashi daga kashi 38 zuwa 96, masu cinsa cikin zango ɗaya daga kashi 27 zuwa 61. A lissafi, masu shiga sun tashi daga kashi 21 zuwa 78, masu ci daga 14 zuwa 40. A 2022 aka ƙara wata doka ta tsananta ta farko.

A jihar Niyok kuma aka yi gwaji irin na likitoci, tun daga 2016, a kolejoji bakwai, da ɗalibai wajen 13,000. Aka yi ƙuri'a, rabi aka raba musu aji da jarrabawa kaɗai, rabi kuwa aka haɗa jarrabawa da sakamakon sakandare da sauran alamu. Waɗanda sabon tsari ya ɗaga sama sun fi takwarorinsu gama ajin koleji. Kolejojin birnin Niyok kansa sun rufe tsofaffin azuzuwan share fage a 2022.

MASU JA DA BAKI

Kada mai karatu ya zaci kowa ya yarda, ko an gama magana. Ko a lissafin Kalifoniya da muka kawo, in 40 sun ci lissafi, 60 ba su ci ba a wannan zango. Malamai da yawa, musamman na lissafi, suna kuka cewa yanzu ana tura musu waɗanda tushensu bai yi ƙwari ba, su faɗi, faɗuwar ta zauna cikin takardarsu, ta kuma iya jawo a yanke musu taimakon kuɗi. Sun ce a bar wa mai so damar ya zaɓi share fage da kansa. Masu goyon bayan doka su kan amsa cewa a ƙirga daga bakin ƙofa, gama dā waɗannan mutane ɓacewa su ke yi a hanya ba wanda ya gan su.

Akwai kuma waɗanda ba su da takardar da za a duba: dattijon da ya bar makaranta da daɗewa, da baƙon da ya yi sakandare a wata ƙasa. Akwai tsoron cewa makarantun sakandare za su riƙa sakin maki. Har wa yau, binciken da aka yi a Tanasi daga baya ya nuna cewa, ko da ya ke masu cin ajin farko sun ƙaru, ba a ga ƙari mai yawa a masu gama koleji baki ɗaya ba. Cire tarko ɗaya daga hanya bai kawar da talauci da nauyin iyali ba.

Ita ma jarrabawar kwamfuta ba ta mutu ba. College Board ta fito da sabon Accuplacer a 2016, ta janye tsohon a farkon 2019, makinsa yanzu daga 200 zuwa 300. Jihar Tegzas tana da tata jarrabawar ta kwamfuta, wadda ta sabunta a 2021. Abin da ya sauya shi ne matsayinta. A wurare da yawa ta sauka daga kujerar alƙali ta koma layin shaidu, kuma masu yinta da kansu suna ba da shawara a haɗa ta da waɗansu ma'aunai.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mutanenmu na Afirka ta Yamma suna da yawa a biranen Amurka, kamar unguwar Bronx ta Niyok, kuma kolejin jama'a ne ƙofar da 'ya'yansu da yawa ke bi. Wanda ke da ɗa ko ƙane da zai shiga, ya gargaɗe shi tun da wuri. Ya tambayi kolejin ko ana jarrabawar rabon aji, da makin da a ke nema. Kada ya yi ta ranar da ya iso a gajiye. Ya nemi tambayoyin gwaji, waɗanda a ke bayarwa kyauta, ya yi bita. Ya tafi da takardun sakandarensa cikakku. In sakamako ya zo ƙasa da abin da ya san kansa, ya tambaya ko ana sakewa, ko akwai ajin koleji mai ƙarin taimako. Wanda ya yi karatunsa da Turanci tun firamare ya faɗa a fili, kada a sa shi ajin masu koyon harshe saboda lafazinsa kawai.

A gida Nijeriya kuwa, hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mai da ita duka ta kwamfuta a 2015. Tata ta zaɓen masu shiga ce, aikinta dabam da na rabon aji. Muna kuma da makarantun share fagen shiga jami'a, kamar ta Funtuwa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka taimaki 'ya'yan Arewa da yawa. Abin da ya kamata hukumominmu su ɗauka daga labarin Amurka shi ne al'adar bin sawu. Amurkawa sun yi shekara fiye da 20 suna dogara da makin na'ura kafin wani ya zauna ya ƙirga mutum nawa suka shiga ta wannan ƙofa, nawa suka fita ta waccan. Ƙirgar ba ta bukatar kuɗi mai yawa, takardun suna nan cikin ofisoshin rajista. Muna roƙon shugabannin makarantunmu su sa a yi ta, su kuma buga sakamakon jama'a su gani, don iyaye su san abin da su ke biya wa kuɗi. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.